Riƙon karen da ba shi da mai shi: daga Landan zuwa Rurum

A Rurum Tsohon Gari, da ke ƙaramar hukumar Rano a kudancin jihar Kano, wanda ke bukatar kare ba ya cike takarda. Yakan jira ne har ya ji labarin karyar wani maƙwabci ko abokin farauta ta haihu, sai ya je ya yi kamun ɗaya tun idonsa bai buɗe ba, a bar masa shi wurin uwa har ya isa yaye.

A Birtaniya da Amurka kuwa, miliyoyin mutane sukan nufi ƙungiyoyin da suka ɗauki nauyin karnukan da aka yasar, ko waɗanda masu su suka kasa riƙewa. A can sai an yi wa mutum tambayoyi, an ziyarci gidansa, ya sa hannu a kan yarjejeniya, kafin a danƙa masa igiyar karen.

A ido babu abin da ya haɗa al'adun biyu. To amma dukkansu suna amsa tambaya guda ce, wato wane ne ke da alhakin wannan kare. A ƙasashen Turai batu ne na tausayin dabba. A arewacin Najeriya, inda ciwon haukan kare bai daina kisa ba, yakan zama batun rai da mutuwa, musamman ga yara.

Asalin lamarin

A birnin Landan ne aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da ta fi kowacce daɗewa a duniya, a shekarar 1824, kuma a 1840 Sarauniya Victoria ta ba ta izinin amfani da laƙabin sarauta, abin da ya sa ake kiranta RSPCA. Sai dai da farko dawaki da shanu ne suka fi damunta.

Wadda ta buɗe gida musamman domin karnukan titi wata mata ce mai suna Mary Tealby, a 1860, a unguwar Holloway da ke arewacin birnin. An mayar da gidan unguwar Battersea a 1871, kuma har yanzu yana can yana aiki.

Ba a karɓi abin hannu biyu-biyu ba. Jaridar Times ta yi masa ba'a, tana mamakin yadda za a tanadar wa karnuka masauki a birnin da 'yan Adam ke kwana da yunwa a bakin titi. Wannan ita ce tambayar da mai karatu a Kano ko Zariya zai fara yi a yau, kuma tambaya ce mai ma'ana.

A Amurka, Henry Bergh ya kafa ƙungiyar ASPCA a birnin New York a 1866. A shekarun 1970 an ƙiyasta cewa karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 12 ake kashewa duk shekara a gidajen ajiye dabbobi na ƙasar, saboda rashin mai ɗauka. Ƙiyasin ASPCA na 2019 ya nuna adadin ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya, daga ciki karnuka kimanin dubu 390, yayin da wasu karnukan kimanin miliyan 2 ke samun sabon gida a kowace shekara. Hana dabbobin hayayyafa barkatai ta hanyar fiɗiya da cire mahaifa shi ne babban abin da ya jawo wannan sauyi, sai kuma yadda jama'a suka rungumi ɗaukar karen da aka yasar maimakon sayen sabo.

Masu ceton iri guda

Daura da waɗancan manyan gidaje, akwai ƙananan ƙungiyoyi da kowacce ta keɓanta da iri ɗaya na kare. Akasarinsu ba su da ofis, ba su da ma'aikaci ko ɗaya mai albashi. 'Yan sa kai ne da suka daɗe suna kiwon wannan iri, har suka san halinsa da cututtukan da ke bin jininsa. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, tana da jerin irinsu fiye da 450.

Hujjarsu ita ce karnuka suna suka tara. Wanda aka yi kiwon kakanninsa domin kora tumaki a tsaunukan Scotland, idan aka kulle shi a ɗaki wuni guda sai ya yayyage kujeru. Wanda aka yi domin tsere, da zarar ya hango kyanwa ba ya ƙara jin kira. Mafaraucin Rano ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san karen da ke bin zomo a fili daban, wanda ke haƙo gafiya a rami daban.

Karnukan da ke faɗowa hannun ƙungiyoyin ba kasafai ake tsintar su a bola ba. Wani mai shi ne ya rasu, wani aure ne ya mutu, wani kuma an koma gidan haya ne da ba a yarda da dabba ba. Akwai kuma yayi. Bayan fitowar fim ɗin 101 Dalmatians a 1996, iyaye da yawa a Amurka sun saya wa 'ya'yansu wannan farin kare mai ɗigo-ɗigon baƙi, ba tare da sanin cewa kare ne mai bukatar gudu kullum ba, kuma kurumta ta yi yawa a jininsa. Ba a daɗe ba gidajen ajiya suka fara cika da su.

Wani lokacin kuma sana'a ce ke zubar da su. A Birtaniya an kafa asusun nema wa karnukan tsere na greyhound gida bayan sun tsufa tun 1975. A jihar Florida masu zaɓe sun kaɗa ƙuri'ar haramta wannan tsere a 2018, aka rufe filayen zuwa ƙarshen 2020, kuma 'yan sa kai ne suka rarraba karnukan a gidaje. A 2022 an kwashe karnukan beagle kimanin dubu 4 daga wata cibiyar da ke kiwon su domin gwaje-gwajen magunguna a jihar Virginia, bayan hukuma ta same ta da saɓa dokar kula da dabbobi.

Sai an tona mutum

Wanda ya nemi kare daga irin wannan ƙungiya yakan yi mamakin yawan tambayoyin. Gidan nasa ne ko na haya? In na haya ne, mai gida ya yarda? Akwai shinge, kuma yaya tsawonsa? Awa nawa karen zai riƙa zama shi kaɗai? Akwai ƙananan yara, ko kyanwa, ko kaji? Ya taɓa riƙe kare, kuma yaya aka ƙare? Wasu har sukan buga wa likitan dabbobinsa waya, su ji ko yana kai dabbobinsa allura a kan kari. Daga nan sai a turo wani ya zo ya ga gidan da idonsa. Bahaushe zai ce abin ya yi kama da binciken neman aure, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

A tsawon wannan lokaci karen yana hannun wani mai riƙon ƙwarya, wanda ke zaune da shi a gidansa makonni ko watanni yana nazarin halinsa, ko yana cizo, ko yana jin tsoron maza, ko yana haƙuri da yara. Kafin a ba da shi an riga an yi masa allurar rigakafi, an ba shi maganin tsutsar ciki, an hana shi haihuwa, an kuma saka masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da za a gano mai shi. A Ingila da Scotland da Wales doka ta wajabta wannan na'ura ga kowane kare tun watan Afrilun 2016.

Akan biya kuɗi, a Amurka sau da yawa 'yan ɗaruruwan daloli, amma ƙungiyoyin suna jaddada cewa ba farashin kare ba ne, gudummawa ce ta rage abin da aka kashe wajen likita.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a yarjejeniyar shi ne na mayarwa. Duk ranar da mutum ya ga ba zai iya ba, ko bayan shekara goma ne, ba shi da ikon sayarwa ko bayarwa ko saki. Dole ya mayar wa ƙungiyar. Manufar ita ce kada karen ya sake wayar gari babu wanda za a tambaya game da shi.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Ana zargin wasu ƙungiyoyin da tsanantawa har su hana mutumin kirki kare don kawai ba shi da shinge. Kazalika wani bincike da jaridar Washington Post ta wallafa a 2018 ya gano cewa wasu masu kiran kansu 'yan ceto sayen karnuka suke yi a wuraren gwanjo daga hannun masu kiwon kasuwanci, wato suna azurta mutanen da suke cewa suna yaƙa.

Daga cikin irin karnukan da ke da masoya a Turai har da wani ɗan yankin Sahel. Siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da Abzinawa ke kiwo a ƙasar Azawak, tsakanin Mali da jihar Tawa ta Nijar, an fara kai shi Faransa da tsohuwar Yugoslabiya a farkon shekarun 1970, kuma AKC ta amince da shi a hukumance a 2019. A can yana da takardar asali. A gida kuwa, shi da danginsa na ƙasar Hausa, aikinsu ne shaidarsu.

Kare a ƙasar Rano

Rurum gari ne na duwatsu, kusa da tafkin Tiga wanda aka kammala madatsarsa a 1974, zamanin gwamna Audu Bako. Mazaɓu biyu ne ke ɗauke da sunan, Tsohon Gari da Sabon Gari. Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabtanta Kibiya da Bunkure, ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma farauta ba ta mutu a cikinta ba. Duniya ta ji labarin mafarautan wannan yanki ta hanya mai ban takaici a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe 16 daga cikinsu a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa gida yin Sallah, da yawansu 'yan ƙasar Bunkure.

A irin wannan wuri kare ma'aikaci ne. Ba ya shiga ɗaki, balle ya hau gado. Makwancinsa gindin rumbu ne ko bakin turken awaki, abincinsa ƙanzo da dusa da ragowar tuwo, sai kayan cikin abin da aka kamo ranar farauta. Da damina yana korar birai da ke saukowa daga dutse su yi ɓarna a gonar masara. Da dare yana gadin gida, a ruga kuma yana gadin maruƙa. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, sai a yi gayya a shiga daji da shi.

Harshen Hausa kansa ya nuna matsayin kare mai harshen damo. Sunansa zagi ne, kuma 'yan barandan ɗan siyasa ana ce da su karnukan farautarsa. Amma bakin da ya yi wannan zagi shi ne ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mafarauci yana iya lissafa uwa da kakar karensa, ya faɗi gidan da aka samo kowacce, kamar yadda mai doki ke yi. Idan ana neman abin da ya fi kusa da ƙungiyar masana iri guda a ƙasar Hausa, to mafarauta ne a ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan amfanin kare ya ƙare. Wanda ya tsufa, ko ya karye a daji, ko mai shi ya tafi cin rani ya bar shi, sai ya koma bin juji da mahauta. Karya takan haifi shida ko bakwai, a ɗebe mazan, a bar matan su nemi na kansu. Wani kuma ya ɓace a wurin farauta, ya ɓullo a ƙauyen da babu wanda ya san shi.

Wasu daga cikinsu a kasuwa suke ƙarewa. Fatake sukan bi ƙauyukan arewa har zuwa Nijar da Chadi suna saye, su kai kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, wadda ba ta da alaƙa da Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa na Kano. Daga can ake loda su zuwa jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom, inda ake cin namansu. Likitocin dabbobi sun sha gano alamar ƙwayar cutar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni, har da waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau.

A birane kuma wata sabuwar matsala ce ta kunno kai. Rashin tsaro ya sa masu hali suna sayen manyan karnukan waje irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel, waɗanda cinsu ya fi na ɗan Adam tsada. Bayan janye tallafin man fetur a 2023, da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, mutane da dama a Legas sun riƙa kai nasu gidajen ceto, irin na Saint Mark's wanda likitan dabbobi Mark Ofua ya kafa, wasu kuma su ɗaure su a bakin hanya su yi gaba. Dokar laifuka ta Arewa, Penal Code, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta azabtar da dabbar gida, amma da wuya a ji an gurfanar da wani a kan kare.

Abin da malamai suka ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa Musulunci ya rufe ƙofar kare ruf. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano ba haka suka nuna ba.

Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, idan an ambaci sunan Allah. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun ba da izinin riƙe kare domin farauta da gadin dabbobi da gadin gona, sun kuma yi gargaɗin cewa wanda ya riƙe shi ba don ɗayan waɗannan ba, ladansa yana raguwa kowace rana. Akwai kuma ruwayar da ta nuna mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, wadda ita ce tushen al'adar barinsa a waje.

Game da tsarki, mazhabobi sun saɓa. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin kare najasa ne. A mazhabar Imam Malik, wadda ita ce ta mafi yawan Hausawa, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada, ba don ƙazantar jikinsa ba.

Gadin gida fa, wanda hadisin bai ambata ba? Masu sharhin Risala sun kawo labarin mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996 miladiyya. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin da yake tsoron maƙiya, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ɗaure a ƙofar gida.

Batun ciniki shi ne ya fi kusa da maganar riƙo. Hadisi ya hana cin kuɗin kare, kuma mashhurin zance a Malikiyya shi ne hana sayar da shi, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa, haka ma Abu Hanifa. Wanda kuwa ya kashe karen farauta ko na gadi, sai ya biya ƙimarsa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a karkara ɗan kwikwiyo roƙo ake yi a bayar kyauta, ko da yake gwanin karen farauta yana kuɗi. Ta wannan fuska, mutumin Rurum da ya karɓi kare a hannun maƙwabcinsa da Baturen da ya ba da gudummawa maimakon farashi ba su yi nisa da juna ba.

Sannan ga labarin da kowane ɗalibi ya sani, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai lallagen ƙasa don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa sahabbai a nan cewa akwai lada a kyautata wa kowane mai rai. A daidai wannan shari'a kuma an yi izinin kashe kare mai cizo. A Istanbul ta zamanin daular Usmaniyya har waƙafi ake bari domin ciyar da karnukan titi.

Ciwon haukan kare

A nan ne tambayar jaridar Times ke samun amsa irin ta Najeriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin dubu 59 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga cizo ko yaƙushin kare suke samu, kuma kimanin huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro ne ke wasa da ɗan kwikwiyo, shi ke jifan baƙon kare, shi ne kuma ke ɓoye ƙaramin rauni don tsoron faɗa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Daga wurin cizon take bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, amma tana iya ɗaukar mako ɗaya ko shekara guda. Da zarar alamu sun bayyana, irin su firgita da tsoron ruwa da dalalar da yawu, kusan babu mai tashi. Kafin su bayyana kuwa, allura tana hana ta gaba ɗaya. An san haka tun watan Yulin 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister a Faransa. Ranar mutuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce aka ware domin tunawa da yaƙi da cutar.

Ƙwararru sun yi ittifaƙi cewa hanya mafi sauƙi ita ce yi wa karnukan kansu rigakafi. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Da haka Mexico ta kai ga samun shaidar WHO a 2019. Kusa da gida, an gwada a N'Djamena babban birnin Chadi a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yanke na wani lokaci, kafin karnukan da ake shigowa da su daga waje su dawo da ita.

Darasin da aka samu a can da sauran wurare a Afirka shi ne, mafi yawan karnukan da ake gani suna yawo suna da gidan da suke komawa, kuma akwai wanda zai iya kamo su ya kai wurin allura. Karen da ba shi da kowa shi ne ke kuɓucewa. Kisan kan mai uwa da wabi, da guba ko bindiga, bai taɓa kawar da cutar a ko'ina ba, domin yakan haɗa da waɗanda aka yi wa allura, wasu sababbi kuma su cike gurbin. Saboda haka duk karen da aka sama wa mai shi, aka yi masa allura, katanga ce tsakanin cutar da yaran unguwa.

Najeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ta zauna a can tun 1924, tana yin allurar karnuka, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar waɗanda ake zargi. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Ƙasar ta kuma shiga ƙudurin da WHO da takwarorinta suka ɗauka a 2015, na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan ciwo zuwa 2030. A 2024 asusun Gavi ya buɗe ƙofar tallafa wa ƙasashe fiye da 50 da allurar waɗanda aka ciza.

Su ma masu ceto a Yamma cutar ta koya musu hankali. Sau uku tsakanin 2015 da 2019 ƙungiyoyin ceto suka shigar da karnuka masu ɗauke da ita Amurka daga Masar. A watan Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, sannan ta maye gurbin dakatarwar da tsauraran sharuɗɗa a watan Agustan 2024. Tausayi bai isa ba idan ba a san tarihin karen ba.

Ga wanda zai ɗauka

Wanda ya yi niyyar riƙe karen da aka bari, a Rurum ne ko a Kibiya ko a cikin birni, abu na farko shi ne ya binciki asalinsa. Karen maƙwabcin da ya yi ƙaura, wanda aka san shi tun yana ɗan kwikwiyo, ba ɗaya yake da baƙon da ya faɗo gari da rauni a wuya ba. Na biyun ba abin kamawa da hannu ba ne, kuma allura ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta shiga jikinsa. Sanar da malamin dabbobi ya fi.

Wanda aka san asalinsa, a keɓe shi daga yara da sauran dabbobi na wasu makonni, a kai shi asibitin dabbobi, a karɓi katin shaida a adana. Ɗan kwikwiyo akan fara yi masa allura yana wata uku, a kuma maimaita duk shekara. A cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa, domin wasu tsutsotsin kare suna kama mutane da tumaki. Wanda ba ya son 'ya'ya bakwai a baɗi, ya tambayi likita batun hana haihuwa.

Mahaukacin kare ba kullum yake zuwa da haushi da kumfa ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, ya zama kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mutane sun kamu ta hanyar zura hannu su ciro ƙashin da babu shi.

Idan an yi cizo, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kuma a kammala dukkan alluran, waɗanda akan yi a ranaku daban-daban cikin mako ɗaya zuwa huɗu. Shafa tokar gashin karen a kan raunin, kamar yadda ake yi a wasu wurare, ba ya hana komai.

Shi kuma karen, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, kada a kashe shi, kada a sayar wa fatake. A ɗaure shi kwana 10 ana ba shi ruwa da abinci, ba tare da an dakatar da allurar wanda aka ciza ba. Idan ya kai kwana 10 lafiyarsa ƙalau, to bai kasance yana yaɗa cutar ba ranar da ya yi cizon. Idan kuwa ya mutu, ko an riga an kashe shi, kada a feɗe shi, a kira likitan dabbobi ya ɗauki kan a aika Vom.